Wasiƙa Zuwa ga Edita: Gilashin Motar Yau Ba Irin na Zamanin Fijo Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motoci, musamman matasanmu na nan Sakkwato, a kan wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa, wato mutum ya ɗauko wuƙa da sukundireba ya ce zai cire gilashin gaban motarsa ko na baya da kansa a ƙofar gida. Abin da ke kai mutane ga haka ba ɓoyayye ba ne, domin kowa ya san yadda kuɗin kayan gyara da ladan aiki suka yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, kuma ba na ganin laifin magidancin da ya nemi rage wa kansa nauyi. Ni ma na shafe shekaru masu yawa ina gyara abin da zan iya a motata da hannuna, kuma har gobe ina ƙarfafa wa 'ya'yana gwiwa su koyi canza taya da filogi da duba mai. Amma gilashi lamarinsa dabam ne, domin na motar yau da na motar da muka tashi da ita suna ne kawai ya haɗa su.

Motata ta farko Fijo 504 ce, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Gilashinta a cikin wata kakkaurar roba yake zaune, ita kuma robar ta ciji leɓen ƙarfen jikin motar, kuma wannan cizon ne kaɗai ke riƙe da shi. Idan za a cire, sai a ɗaga leɓen robar ta ciki ko a yanke shi, mutum ɗaya ya kishingiɗa a kujerar gaba ya ɗora tafin ƙafafunsa a kusurwar sama ya tura a hankali, wani kuma yana waje yana tarba. Wajen mayarwa, igiya ake zagayawa a cikin ramin robar, a shafa ruwan sabulu, a ɗora gilashin a mazauninsa, na ciki ya riƙa jan igiyar sannu sannu har leɓen robar ya hau kan ƙarfe, na waje yana bubbugawa da tafin hannu. Na yi wannan aiki da kaina fiye da sau ɗaya, kuma idan muka fara bayan azahar, kafin a kira la'asar mun wanke hannu. Wanda ya ga ubansa ko wansa ya yi haka yana yaro, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka cewa har yanzu haka abin yake.

Motocin da suka cika titunanmu a yanzu, daga Golf 3 da ake jigila da ita zuwa Illela da Gusau har Corolla da Camry da Honda Accord, duk manna gilashinsu ake yi da wani baƙin gam mai suna yuretan, wanda idan ya kama yakan yi tauri kamar robar taya. Siririyar robar da ake gani a gefe ado ce da maganin ƙura, ba ita ke riƙe da komai ba. Baƙin zanen nan da ke kewaye da bakin gilashin, mai ƙarewa da ɗige-ɗige, gasa shi aka yi a jikin gilashin domin ya kare gam ɗin daga hasken rana kuma ya ba shi wurin kamawa. Masu ƙera motoci sun koma ga wannan hanya ne saboda ta mai da gilashin gaba wani ɓangare na ƙashin motar. Yana taimaka wa ginshiƙan gaba su tallafi rufi idan mota ta ƙwace ta wuntsila, abin da duk mai bin hanyar Tambuwal zuwa Jega ko ta Tureta zuwa Talatar Mafara ya sha ganin irinsa a gefen titi, kuma yana hana mutanen ciki faɗowa waje. Bayan haka, a motoci da dama jakar iskar da ke gaban fasinja sama take fara tashi ta daki gilashin, shi kuma ya mayar da ita zuwa ƙirjin mutum, ta yadda idan gilashin bai kamu da kyau ba, jakar za ta fizge shi ta yi waje da shi, fasinja kuma ya daki dashbod kamar babu jakar tun farko. A Amurka, inda da yawa daga cikin Camry da Accord ɗinmu suka fito, akwai ƙa'idar kiyaye haɗari mai lamba 212 wadda ta tanadi a gwada mota ta yi karo da bango a gudun kimanin kilomita 48 a awa, kuma dole gilashin ya ci gaba da riƙe aƙalla rabin kewayensa. Wannan shi ne ƙarfin da mutum ke warwarewa idan ya sa wuƙa, kuma shi ne ake bukatar ya mayar daidai yadda ya same shi.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu a daminar da ta wuce. Wani ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da son aikin hannu, ya lura cewa duk lokacin da aka yi ruwan sama but ɗin Corolla ɗinsa yakan tara ruwa, sai ya yanke hukuncin cewa ta gefen gilashin baya yake shiga. Ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, wanga aiki na gan shi ga waya, ko awa guda ba ya kai." Na ce masa ya dakata mu fara zuba ruwa mu ga ta inda yake bi, amma kafin in dawo daga masallaci ya riga ya zare robar gefe, ya cusa sukundireba a ƙarƙashin kusurwar gilashin yana ɗagawa. Ƙarar da aka ji har maƙwabta sai da suka fito. Gilashin ya tarwatse gaba ɗaya a lokaci guda, ya yanke shi a damtse, wani ɗan ɓarɓashi kuma ya shiga ƙarƙashin fatar idonsa har sai da aka kai shi asibiti aka wanke. Mun yi kwanaki muna tankaɗe yashin tsakar gida saboda yara da ke yawo babu takalmi. Da aka sayo wani gilashin aka sa, aka sake yin ruwa, but ɗin ya sake cika, domin ashe robar da ke bayan fitilar baya ce ta mutu, abin da kuɗin gyaransa bai kai na cin abincin rana ba. Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido, kuma a ranar saura ƙiris maganar ta tabbata a zahiri.

Dalilin wannan tarwatsewa yana cikin yadda ake yin gilashin, kuma ya kamata kowane mai mota ya san cewa na gaba da na baya ba jinsi ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne aka haɗa, da wata siririyar leda mai danƙo a tsakaninsu, kaurinsu duka kusan milimita 5, shi ya sa idan dutse ya same shi yakan tsage kamar saƙar gizo amma ya tsaya a wurinsa. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Faransa, Edouard Benedictus, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1909. Na baya kuwa, da na ƙofofi a yawancin motoci, falle ɗaya ne da ake gasawa har zafinsa ya wuce digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya, sai bayansa ya ƙanƙame, cikinsa kuma ya kasance a ɗame. Wannan ya sa ya fi gilashin taga ƙarfi sau huɗu ko biyar idan aka buge shi a tsakiya, amma rauninsa yana bakinsa, kuma da zarar ƙarfe ya ɗan ɓantare gefen, dukan ƙarfin da ke ɗaure a ciki yakan kwance a lokaci guda ya zama tsakuwa. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a gyara shi. Ga kuma siraran layukan nan masu launin jan ƙarfe da ke kwance a jikinsa, waɗanda ke ɗumama shi su kore raɓa, da wayoyinsu biyu a gefe, a wasu motocin ma eriyar rediyo a nan take. Na ga mutane da dama sun kankare waɗannan layuka da reza garin ɓare baƙar leda, tun da dokar 1991 ta hana sa gilashi mai duhu sai da izinin 'yan sanda, alhali da sun ɗumama ledar sun ja ta a hankali da ta fita ba tare da ɓarna ba.

Duk da haka ba na cewa babu halin da mutum zai cire gilashi da kansa. Idan mota ta riga ta mutu ana so a kwashe kayanta, ko gilashin ya riga ya farfashe ana so a share wurin kafin mai sana'a ya zo, ko kuma mai gyaran jiki zai yi walda a rufi, mai natsuwa zai iya, muddin ya yarda cewa aikin na mutum biyu ne kuma na yini guda ne. Kafin komai a cire kan batir a dakata 'yan mintuna, domin a motoci da yawa akwai jakar iska a naɗe a gefen rufi har zuwa ginshiƙan gaba, kuma sai an ɓalle murfin ginshiƙan kafin a kai ga gam. A kwance waifa, a cire murfin robar da ke tsakanin bonet da gilashi, a sauke madubin ciki tare da zare duk wata waya da ke manne a bayansa. A rufe dashbod da ramukan iska da tsohon bargo, a liƙa tef mai kauri a kan fentin da ke kewaye, kowa ya sa safar hannu ta fata da tabarau mai rufe ido ta gefe da riga mai dogon hannu, a kuma kori yara daga wurin baki ɗaya.

Yankan gam ɗin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ake bukatar haƙurin da yawancinmu ba mu da shi. Ba a ɗaga gilashi da ƙarfe ko kaɗan. Ana huda gam ɗin ne a wuri ɗaya a zura siririyar wayar ƙarfe da aka yi domin wannan aiki, a ɗaura wa kowane bakinta mariƙin katako, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje, su riƙa ja da saki kamar masu zarto, suna kwantar da wayar ta bi jikin gilashin domin kada ta ci fenti ko ta yanke dashbod da silin. Wasu kanikawa sukan warware kebul ɗin burkin babur su yi amfani da sili ɗaya daga cikinsa, kuma yakan yi aiki, sai dai yana saurin zafi ya tsinke, kuma wayar da ta tsinke ana cikin ja tana iya tsaga fuska ko ta datse yatsa, shi ya sa ba a taɓa naɗa ta a hannu. Gefe da sama suna da sauƙi. Ƙasa ne mai wuya, domin gam ya fi kauri a nan, dashbod kuma ya tare hanya, kuma a kusurwoyin ƙasa ne yawancin gilasan da ake so a ceto suke tsagewa, har a hannun gwanaye. Idan an gama yanka, mutum biyu ne za su ɗaga shi, tun da nauyinsa ya wuce kilo 10 kuma faɗinsa ya fi ƙarfin hannu ɗaya, sannan a jingine shi a tsaye bisa tsumma, domin idan aka kwantar da shi a ƙasa nauyin kansa zai iya tsaga shi.

Akwai wata ɓarna da ba a gani a ranar, wadda a ganina ta fi fashewar gilashi muni. Duk inda wuƙa ko waya ta karce fentin leɓen ƙarfen da gilashi ke zama a kai, tsatsa za ta fara cin wurin a ɓoye a ƙarƙashin sabon gam, damina ɗaya ko biyu sai gam ɗin ya saki ƙarfen, ruwa ya fara ɗiga a kan dashbod, mai mota kuma yana tsammanin ɗigar ce kaɗai matsalarsa, bai san cewa gilashin ya daina riƙe rufi ba. Saboda haka ƙwararru ba sa kankare tsohon gam har ƙarfe. Sukan fere shi su bar kaurin milimita 1 zuwa 2, domin sabon yuretan ya fi kama tsohon ɗan'uwansa fiye da komai, kuma duk inda ƙarfe ya bayyana sai sun shafa masa baƙin ruwan share fage da ake kira firaima sun bar shi ya bushe.

Wajen mayar da gilashi kuwa, shawarata ga kowa ita ce ya janye hannunsa ya nemi wanda ya san aikin, kuma ko shi ɗin a sa masa ido. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara yana shirin manna wa maƙwabcina gilashin gaba da silikon ɗin da ake sa wa tagogin alminiyon na gidaje, yana cewa ai duk gam ne kuma wannan ya fi araha. Silikon yana hana ruwa shiga, amma ba shi da ƙarfin riƙe gilashi a lokacin karo, kuma inda ya taɓa, yuretan ba ya kamawa da kyau daga baya sai an sha wahalar gogewa. Shi kansa yuretan ɗin yana da ranar lalacewa a rubuce a jikin kwalinsa, kuma wanda ya yi watanni a shagon kwano cikin zafin bazarar Sakkwato, inda ma'auni ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, bai kamata a amince da shi ba tare da dubawa ba. Wani abin da ya shafe mu musamman, wanda bidiyon da aka ɗauka a Turai ba zai faɗa ba, shi ne cewa wannan gam danshin iska yake sha kafin ya kama. Tsawon lokacin kamawa da kamfanoni ke rubutawa a jikinsa sukan auna shi ne a zafin digiri 23 da danshin kashi 50 cikin 100, alhali a tsakiyar hunturunmu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, ga ƙura da ke sauka a kan gam da gilashi kafin a haɗa su. Ke nan motar da aka sa wa gilashi a watan Janairu tana bukatar ta daɗe a ajiye fiye da wadda aka sa wa a watan Agusta, a cikin rumfa mai kariya daga iska, kuma ni dai ba zan hau babbar hanya da ita ba sai ta kwana. A cikin wannan lokaci a bar gilashin ƙofa ɗaya a ɗan sauke, domin idan aka buga ƙofa komai na rufe, iskar ciki tana iya tura gilashin ta ɓula gam ɗin da bai gama kamawa ba. Sababbin motoci masu kyamara a bayan madubi kuma sai an sake daidaita kyamarar da na'ura bayan an canza gilashi, abin da ba a yi a ƙofar gida.

Sau da yawa ma cirewar ba ta zama dole ba. Idan tsakuwa ta tashi daga tayar babbar mota ta ɗan ɓantare gilashin gaba, a liƙa farin tef a wurin nan take domin kada ƙura ta shiga, a kai wa masu cika shi da ruwan danƙo tun tabon bai fi girman kwabo ba. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya yini a rana, kada kuma a sakar masa iskar esi mai ƙarfi da zarar an shiga mota, domin wannan sauyin zafi ne ke mai da ɗan tabo ya zama tsaga daga gefe zuwa gefe. Idan kuwa ɗiga ce, a sa wani ya zauna a ciki da tocila, wani yana zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama kaɗan kaɗan, har a ga ainihin ƙofar ruwan kafin a zargi gilashi.

Ina kira ga reshen Sakkwato na ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, wato NATA, da ya shirya wa masu sa gilashi bita a kan bambancin gam da yadda yanayinmu ke shafarsa, tare da haɗin gwiwar sashen koyar da aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar tuƙi da fasasshen gilashi a matsayin laifi, kuma hakan daidai ne, amma zai yi kyau jami'anta su riƙa bayyana wa direbobi a tashoshin mota da kuma ta gidan Rediyon Rima cewa gilashin da aka manna da silikon, ko da yana ƙyalli babu tabo, ya fi mai tsaga haɗari. Shi kuma mai mota yana da haƙƙin ya ce a nuna masa kwalin gam ɗin ya karanta ranar lalacewarsa, ya duba tambarin da ke kusurwar gilashin ya tabbatar cewa na gaba mai falle biyu ne, ya tsaya ya ga an shafa firaima a inda aka karce, kuma ya tambayi awa nawa motar za ta yi kafin a tuƙa ta. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Zan yi farin ciki idan masu sa gilashi da ke karanta wannan jarida suka rubuto suka faɗa mana irin gam ɗin da suka ga ya fi jure hunturu da bazarar wannan yanki, da yadda suke ajiye shi a shagunansu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, amin.

Wassalam,
Naka mai karatu,
daga Unguwar Mabera, Sakkwato.